Duƙusar Tsakar Gidanmu

Goɗiyar babana ta mutu kwana biyu bayan ta haihu, a farkon wata damina, ina gida hutun bakans bayan shekarata ta farko a babbar sakandare ta lise. Baba yana kurmi inda yake sayar da takalma, ba ya zuwa sai shekara-shekara. Goɗiyar ta bar mana ƴar duƙusa ja mai farin goshi, ƙafafunta sirara kamar karan dawa, tana karkarwa a gindin turke. Maƙwabta suka leƙo suka ce ba za ta yi rai ba. Ni da Inna muka naɗe ta a tsohon bargo muka shigo da ita tsakar gida.

Na riƙa tatsar akuya, in sirka nonon da ruwan ɗumi da ɗan sukari, in zuba a butar shayi, in ɗora yatsana a bakin butar tana tsotsa. Ta rayu. Marainiya muke ce mata, ba mu taɓa sa mata wani suna ba. A ƙofar ɗakin Inna take kwana. Ta san ƙarar turmi, ta san lokacin kwasar tuwo. In ina bitar darasi sai ta zuro kai ta taga, ni kuma in karanta mata da ƙarfi cikin Faransanci, kunnuwanta suna juyawa kamar tana auna maganar. Da na koma lakwal, wato makaranta, Inna ta ci gaba da renonta. Matan unguwa suna zuwa kallo, suna dariya, suna miƙa mata ƙuli-ƙuli a tafin hannu. Babu wanda ya ce mana kuskure muke yi, mu ma ba mu sani ba.

Shekara uku bayan haka, ina jami'a a Tawa, aka kira ni a waya aka ce Inna ta karye a hannu. Ta ɗauko ƙwaryar fura za ta kai gona, marainiya ta zo neman rabonta kamar kullum, ta ture ta da ƙirji, Inna ta faɗa kan turmi. Ba mugunta ba ce. Abin da take yi tun tana ƙarama ta yi, sai dai yanzu ta fi Inna nauyi sau da yawa.

Baba bai yi doguwar magana a waya ba. Ya ce a kai ta wurin kawuna, yayan Inna, mai horar da dawaki a wajen Tamaske. In har kaka ta yi Kawu bai ce ta gyaru ba, a kai ta kasuwar Madawa a sayar wa masu amalanke, don ba zai ajiye dabbar da za ta nakasa masa iyali ba. Na san dawakan amalanke. Na sha ganinsu a bakin titin gudron, kafaɗa duk gyambo, kai a ƙasa. Da bakans ta zo ban yi kwana uku a gida ba na roƙi Inna ta bar ni in bi marainiya.

Wurin Kawu ba babba ba ne. Turaku shida ne a ƙarƙashin rumfar kara, da rumbun harawa, da wani fili zagayayye da aka kewaye da duwatsu da ƙaya. Yana gindin tudu, a ƙasar da Kawu ke cewa da can fako ce tas, sai da kakata da sauran mata suka yi shekaru suna jera duwatsu a zamanin furojen raya ƙasa kafin ciyawa ta yarda ta tsiro. Yanzu bagaruwa da aduwa sun yi inuwa. Da safe in rana ta bugi duwatsun nan ja, sai in ga kamar garwashi ne aka zuba a gefen tudun.

Mutane suna kawo masa ƴan dawakinsu daga ƙauyukan Keita da Buza ya horar. Washegarin kowace kasuwa kuma masu dawakin suna taruwa da hantsi, su zauna a kan duwatsun, ya shigo da doki ɗaya ɗaya yana nuna musu yadda ake sa ragama, yadda ake ɗaga kofato, yadda ake ɗora sirdi ba tare da bulala ba. Ba ya yarda mutum ya ajiye doki ya tafi ya dawo ya ɗauka. Yakan ce in ya gyara dokin bai gyara mai shi ba, wata biyu ya isa aikin ya warware.

Ranar da aka fara shigo da marainiya filin, ba ta ko dubi Kawu ba. Ta nufi mutanen kai tsaye, ta tsoma baki a ƙwaryar furar da aka kawo musu, sannan ta ciro malfar wani tsoho daga kansa ta shiga tauna. Tsohon abokin kakana ne, tun ina ƙarama yake kirana matarsa.

"Amarya, wagga ita ce gararki?" in ji shi. "In haka ne na hwasa auren. Ku biyu ba ni iya ciyar da ku."

Na ce masa dama ni ban ga abin so a miji mai haƙori uku ba. Kowa ya yi dariya, ban da Kawu. Ya tsaya yana kallon yadda take bangaje mutane da kafaɗa tana shinshina aljihunsu. Da aka natsa ya ce wa taron su duba da kyau, don wannan ta fi doki mai tsoro wuyar aiki. Mai tsoro, in ka yi haƙuri, zai matso. Wannan kuwa uwarta ba ta rayu ta cije ta ba, ba ta taɓa tsayawa cikin dawaki an kore ta daga bakin harawa ba, saboda haka ba ta san akwai wurin da ba nata ba. Sai ya juyo gare ni.

"Wa yar rene ta?"

"Ni da Inna, Kawu."

"To ke za ki kore ta."

Ya ba ni karan dawa mai tsawo da tsumma ɗaure a kansa. Dokokinsa biyu ne. Kada ta ƙara cin komai daga hannun mutum, sai a ƙasa ko a kwando. Kada kuma ta matso kusa da ni fiye da tsawon karan, sai in ni na kira ta. In ta matso, in kaɗa tsumman a gabanta, in taka zuwa gare ta har ta ja da baya. Da rana kuma ya sake ta tare da wata tsohuwar goɗiya fara, mai ido ɗaya, wadda ya ce ta fi shi iya aikin.

Kwanakin farko na yi ta kaɗa kara kamar mai korar kaji. Marainiya ta ɗauka wasa ne, ta kama tsumman da haƙori. A wurin tsohuwar goɗiyar kuwa ta sha wuya. Ta je za ta zura kai a harawarta, tsohuwar ta kwantar da kunne, ta ɗauke ta da ƙafa a haƙarƙari. Na ji ƙarar daga rumfa. Marainiya ta koma gefe ta tsaya ita kaɗai tana kallon ƙofar gida, inda take jin matar Kawu tana daka.

Ban iya jurewa ba. Da azahar, in Kawu ya tafi masallaci, sai in ƙulla dabino biyu a bakin zanena in zagaya bayan rumbu in ba ta. Leɓenta mai laushi a tafina, numfashinta mai ɗumi, sai in ji kamar muna tsakar gidanmu. Na ce wa kaina dabino biyu ba za su ɓata komai ba. Kwana shida na yi ina haka.

A taro na gaba Kawu ya ce in shiga in nuna wa mutane inda muka kai. Ina shiga ta taho da sauri, ba ta ko ga karan ba, ta cusa hanci a ƙuguna inda ƙullin yake zama, ta ture ni. Na zauna daɓas a cikin taɓo. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, har tsohon nan. Kawu ya kore ta da tafi ɗaya, ya miƙo mini hannu, ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Mi kinka ba ta?"

"Dabino."

"Ɗiyata, ke kin hwaɗi cikin taɓo. Innarki turmi tas samu. Gero ya hwara hidda kai, kin gani. In ubanki ya tambaye ni, ba ni yi mishi ƙarya."

Sai ya kira doki na gaba.

Washegari da sassafe na shiga filin ni da ita. Ta taho. Na kaɗa karan da gaske, na buga ƙafa a ƙasa, na daka mata tsawar da ban san ina da ita ba. Ta yi turus. Ta sake gwadawa ta gefe, na tare ta, tsumman ya taɓa hancinta. Sai ta juya ta shiga zagaya filin da gudu, ni kuma ina tsakiya ina kora, duk lokacin da ta juyo gare ni in sake kora. Hawaye suna zuba, ina share su da gefen kallabi, ina kora. Ta yi ta dubana da ido ɗaya tana wucewa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san kurciyoyin da ke kan bagaruwa sun tashi sun dawo.

Kawu yana zaune a kan dutse yana gyaran majayin sirdi. Na fito na je wurinsa. Ya ce in je in zauna in kalli tsohuwar goɗiyar har la'asar, kada in yi wani aiki. Na je. Na ga ta kori marainiya daga ruwa, ta kore ta daga inuwa. Can da rana ta take, marainiya ta matso a hankali, ta tsaya nesa kaɗan, kai a sunkuye. Tsohuwar ta ƙyale ta. Jim kaɗan suka jeru kai da wutsiya, kowace tana kore wa ƴar'uwarta ƙuda. Na daɗe ina kallonsu.

Sati biyu muna haka kowace safiya. Wata rana, tana cikin zagayawa, sai ta rage gudu, ta sauke kai har kusa da ƙasa, tana motsa baki kamar mai tauna. Kawu ya ce in sauke karan in juya mata kafaɗa. Na ji takunta a bayana, ɗaya, biyu, sannan shiru. Da na waiga tana tsaye daidai tsawon kara, tana jira. Na ƙirga numfashina har goma kafin na miƙa hannu na shafa farin goshin. Ba ta nemi komai a tafina ba.

Daga nan aikin ya tafi da sauri, har ya ba ni mamaki. Rashin tsoron da ya kusa kai ta kasuwa shi ya sauƙaƙa sauran. Aka ɗora mata bargo, aka ɗora buhun yashi, aka ɗaura sirdi, ba ta ko yi tsalle ba. Kawu ya sa mata ƙaramin linzami mara ƙaya wanda ya shafa wa zuma. Ranar da ya hau ta a gaban taro, ta yi taku uku ta tsaya ta waiga tana shinshina ƙafarsa, tsohon nan ya ce tana duba ko akwai hura a likkafa.

Na ɗauka an gama. Kawu ya ce a'a, Baba bai tambaye shi ko tana hawuwa ba. Ya aika aka ɗauko Inna a kan moto mai ƙafa biyu.

Gero ya nuna a lokacin, ana shirin yanka. Inna ta iso hannunta ɗaure da ƙyalle a wuya, don har yanzu ba ta iya ɗaga tulu da shi. Kawu ya cika ƙwarya da fura ya ce ta ɗora a ka ta ratsa filin daga wannan gefe zuwa wancan, marainiya a sake. Inna ta ce shi dai tun suna yara ba ya rabuwa da jawo mata wahala. Ya ce yana nan kusa. Ni aka ce in tsaya waje, kada in yi motsi, kada in yi magana.

Inna ta yi bisimilla ta shiga. Marainiya tana can gefe tana tsinkar ciyawa. Ta ɗaga kai. Ta gane Inna, ta yi wannan ƴar haniniya ta cikin maƙoshi da take yi in an buɗe ƙofar ɗaki da safe, ta taho. Na ga ƙwaryar tana rawa a kan Inna. Na kama dutsen da ke gabana har ya shiga mini tafi. Da ta kusa, Inna ta ɗaga lafiyayyen hannunta ta ce, "Ke." Ko tsawa ba ta yi ba. Marainiya ta tsaya. Ta ja taku ɗaya baya. Inna ta wuce ta gabanta a hankali, ta kai ɗaya gefen, ta sauke ƙwaryar, ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da mayafi.

Kawu ya sa ta maimaita sau biyu, Inna tana mita. Sannan ya ciro waya ya yi wa Baba saƙon murya a gabanmu. Ya gaishe shi, ya tambayi kasuwa, ya ce ruwa ya yi kyau bana. A ƙarshe ya ce goɗiyar ta gyaru, ba za a kai ta ko'ina ba, amma ba za ta koma tsakar gida ba. Za a kafa mata turke a waje kusa da na maƙwabcinmu mai doki, kuma zai zo da kansa ya gargaɗi matan unguwa.

Saura kwana huɗu in koma Tawa. A cikinsu Kawu ya koya mini hawa, abin da ban taɓa tunanin za a bar ni in yi ba. Na sa wandon wasanni na lakwal a ƙarƙashin zane. Ya riƙe ragamar yana tafiya a gaba, muka bi hanyar da ta hau tudun, tsakanin jerin duwatsun kakata. Daga sama na ga gonakin gero har inda ido ya ƙare, da mutane ƙanana a ciki suna ɗaure damma. Na riƙe gaban sirdin da hannu biyu. Kawu ya ce in saki, in miƙe bayana, in dubi inda nake son zuwa. Na zaɓi wata aduwa a can gaba, na dube ta. Sai ya miƙo mini ragamar ya koma gefe.