Na Jira A Tambaye Ni Sau Uku

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga ƙasar Shagari, ban taɓa zama aji ba. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana. Lokacin da abin nan ya faru Turawa ba su tafi ba, ni kuma ban cika ashirin ba. Sanƙarau ya ɗauke mijina, ya bar ni da ɗiya a goye, na koma gidanmu inda ni da Inna muke ci daga rumbun kawuna. Bai taɓa yi mana gori da baki ba, amma duk ranar da za a buɗe rumbun sai ya zo ya tsaya yana kallo. Abin da na mallaka ɗaya ne, hannuna. Kakata ungozoma ce da aka sani daga Shagari har Danchadi, tun ina ƙarama nake riƙe mata ƙwarya, kafin ta rasu kuwa ni ke yankan cibi tana zaune tana duba ni. Ina ji da wannan ƙwarai, har yau ban daina ba.

Bayan girbi aka yi shela a kasuwa cewa wata Baturiyar asibiti za ta zo Bodinga neman mata masu ƙuruciya, a kai su Sakkwato su koyi karɓar haihuwa irin ta zamani, in sun gama a ba su aiki da albashi. Inna ta ce ga rumbuna nan Allah ya buɗe mini, in je, ita za ta riƙe yarinya. Kawu ya yarda da sauri har na ji ciwon saurin. Na je wurin malamin uban ƙasa ya rubuta sunana, na dangwala yatsa, muka bi masu jakunan albasa zuwa Bodinga. Daga garinmu mu biyu ne, ni da wata ɗiyar rundawa, wato mahauta, mai baki kamar ranar kasuwa. A hanya ta tambaye ni ko 'ya'yan manyan gida ma suna neman aiki. Na ce mata ni ba nema na zo ba, zuwa na yi a gan ni. Ta yi dariya ta ce to Allah ya sa Baturiyar tana da idon gani.

A ƙofar ɗakin magani aka jera mu. Baturiyar ta duba farcenmu, ta sa muka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan ta ba kowa igiya da zare ta ce a ɗaure kamar cibi. Wasu suna ta fama da zaren. Ni kuwa kafin ta juyo na ɗaure biyu. Ta ja, ta sake ja, bai motsa ba, ta ɗaga shi ta nuna wa sauran. Ɗaurin ɗiyar rundawa da ja ɗaya ya zame.

Sai aka riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya, wani dattijo yana tafinta. Ta tambaye ni ko ina son aikin nan. To ku yaran yanzu sai na yi muku bayani. A gidanmu ko tuwo aka miƙo maka kana jin yunwa kamar ka faɗi, sai ka ce ka ƙoshi. A sake, ka ce Allah ya amfana. Sai an matsa a ta uku kake sa hannu. Wannan shi ne fulako, kuma mace mai asali ba ta buɗe baki ta ce tana son abu. Don haka na sunkuyar da kai na ce ni dai ban damu ba, a gida ma ba a rasa ni da komai ba. Na tsaya ina jiran ta biyu. Ta dube ni jim kaɗan, ta ja layi a takardarta, ta kira ta gaba. Ina fita na jiyo ɗiyar rundawa tana cewa tana so, tana so ƙwarai, a ɗauke ta yau ma in da hali.

Da a nan abin ya tsaya da na ce rashin sani ne. Amma dattijon nan ya biyo ni har gindin bedi, wato dogon yaro. Ya kira ni ɗiyata, ya ce shi ya gane abin da nake nufi, amma mutanen nan tambayarsu ɗaya ce, abin da ka faɗa shi suke rubutawa. Ya ce motar da za ta kai su Sakkwato ba za ta tashi ba sai bayan la'asar, in taso ya shigar da ni, kalma biyu kawai zan faɗa. Na ce masa Baba, wadda ta ga ɗaurina ita ya kamata ta aiko, jikar kakata ba ta roƙo. Ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Ina zaune a wurin har motar ta wuce ta gabana, ɗiyar rundawa tana ɗaga mini hannu. Da na koma gida na ce wa Inna ni na ƙi. Ta kwance goyon ta miƙo mini.

Shekaru suka wuce. Na ci gaba da karɓar haihuwa yadda na gada, ɗiyar rundawa kuwa aka kawo ta aiki garinmu da farar riga. Ban taɓa taka ƙofarta ba, kuma da ɗiyata ta yi cikin fari na hana ta zuwa awo. Na ce me za ta gani da ban gani ba. Naƙuda ta zo, kwana biyu muna abu ɗaya, na yi duk abin da kakata ta koya mini, yarinya tana ta yin sanyi a hannuna. Da safiyar na uku ni da kaina na je na kira ɗiyar rundawa. Ta shafa cikin, ta kara wani ɗan ƙaho ta saurara, ta ce yaron a gicciye yake, kuma ya riga ya tafi. Ta nemo mota, ta raka mu Sakkwato, aka ceci uwar. A hanyar dawowa na so ta yi mini gori don in sami abin fushi. Sai kawai ta ce da ta taɓa cikin nan tun yana wata takwas da ta gane, abu ne da aka koya musu tun farkon zuwansu, kuma da hannuna ne aka koya wa da ya fi nata.

Na san rai na Allah ne. Amma na kuma san abin da na bari a gindin bedin nan. Abin da ya sa na tono shi yau, jikar nan tawa ta gama karatu, ta ji ana ɗaukar aiki, tana zaune wai kunya take ji ta je ta ce a duba ta. Ku 'ya'yana, kunya ado ce, amma wurin neman aiki ba gidan surukai ba ne. In ka ga aikin da ya dace da hannunka, tashi ka je, in an tambaye ka ka buɗe baki tun a ta farko. In ka yi kure aka nuna maka ƙofa, koma kafin motar ta tashi. Mai rubuta muku wannan ɗiyar ɗiyar nan tawa ce da aka ceto. Da ba don wadda ta ce tana so ba, da babu mai riƙe alƙalamin nan.