Ƙaramar Muryar Mahaifiyata

Wasu shekaru can baya, lokacin muna zaune a unguwar Ainu Shams a saman wani tsohon bene, mahaifiyata ta daina waƙa. Wanda bai san ta ba zai ce to sai me. Zabiya ce. Tun muna Sudan, kafin zama ya kawo mu Alƙahira, ba a biki ko suna cikin Hausawanmu ba tare da an aiko mata ba. Murya gare ta irin wadda in ta saki daga barandarmu, mai sayar da burodi a ƙasa sai ya ɗaga kai. Kuma ta tsani makirufo. In aka miƙo mata sai ta ture shi da bayan hannu, ta ce a ba waɗanda ba su karya kumallo ba.

Sai maƙoƙo ya fito mata a wuya, aka yi aiki. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi, amma muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage wata 'yar siririyar aba ce mai haɗe da iska, sai ka matso kake ji. Likita ya ce haka za ta zauna, a yi haƙuri. Daga nan ta daina zuwa biki, ta daina amsa waya, har magana a cikin gida ta koma yi da hannu. In tana son shayi sai ta nuna buta. Ni da Allah ya hore wa baki sai na riƙa surutun mutum biyu, amma gaskiya tsoro nake ji. Ina kallon uwata tana dushewa a kan kujera alhali jikinta lafiya lau.

A lokacin ina aiki a unguwar Dokki, wurin wata likitar haƙori, ni ce mai karɓar marasa lafiya a ƙofa. Likitar nan tana da wata ɗabi'a: daga safe har a tashi, waƙoƙin Brazil take sawa a ɗakin jira. Jita ɗaya, wani ɗan kiɗa kamar ana shara da tsintsiya mai laushi, sai murya can ƙasa-ƙasa, wani lokaci namiji, wani lokaci mace. Da farko haushi suke ba ni. Ni da aka raina cikin guɗa da kiɗan ƙwarya, ina zan kai mutanen da ke waƙa kamar suna tsoron tada jariri? Rannan na kasa haƙuri, na tambaye ta ko ba ta da waƙar mutane masu lafiya.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zaunar da ni. Ta ce waɗannan da nake rainawa manyan mawaƙa ne da duniya ta sani, salonsu kuma ana kiransa bosa nova. Kafin su, in ji ta, gwanin mawaƙi shi ne mai cika fili da murya. Su kuwa sai suka matso da baki dab da makirufo suka yi ƙasa da murya, suka bar na'ura ta yi ɗaukan kayan. Daga baya mawaƙan Amurka da na Turai suka yi ta kwaikwayonsu, har yau duk mai raɗa a cikin waƙa akwai hannunsu a ciki, ko ya sani ko bai sani ba. Ta ƙara da cewa kiɗan da ke ƙarƙashin waƙar asalinsa na mutanen Afirka ne da aka kwashe zuwa can a zamanin bauta, har da Hausawa a cikinsu.

Ran nan da na tashi aiki na sa abin ji a kunne cikin taragon mata na metro. Ban san kalma ɗaya ta harshensu ba, amma sai na ji jirgin ya daina ƙara. Matan da ke matse da ni da ledojinsu na kayan miya suka zama kamar suna lilo a hankali. Da jirgin ya fito sarari, ranar la'asar ta zubo ta taga a kan fuskokinsu, ni kuma ina ganin wani teku da ban taɓa zuwa ba, da wata mata zaune a bakinsa tana yi wa kanta waƙa ba ta damu ko wani ya ji ba. Muryarta da ta mahaifiyata ta yanzu kusan ɗaya ce. Saura kaɗan na wuce tasharmu.

Da yake ni ba ni da dabara, ina shiga gida ko mayafi ban cire ba na dangwara mata waya a cinya, na shiga wa'azi. Na ce ga mutanen da suka ci duniya da irin muryarta, saboda haka ta tashi ta daina zaman makoki. Ta saurara kaɗan, ta miƙo min wayar, ta ce da 'yar muryar nan tata, “Wannan baiwar Allah, ita ma aikin aka yi mata? Allah ya ba ta lafiya.” Sai ta juya min baya. Na shige ɗaki ina ƙunƙuni, na rantse ba zan ƙara sa baki ba.

Waƙoƙin dai ban daina sawa ba, don ni kaina sun riga sun kama ni. Ina wanke-wanke suna yi, ina guga suna yi. Ita ko kallo ba su ishe ta ba. Haka muka yi ta tafiya har wata Juma'a da hantsi, ina shanya a baranda, na ji wani ɗan ƙwanƙwasa daga falo. Na leƙa sai na gan ta ta kifa ƙwaryar da ta daɗe a saman kabad, idonta a rufe, tana bin kiɗan da 'yan yatsu. Ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Da ta ji motsina ta buɗe ido ta ce kiɗan nan ai namu ne, wa ya kai musu? Na gaya mata abin da likitar haƙorin ta gaya min. Sai ta ce in sake sa waƙar daga farko.

Bayan 'yan watanni matar ƙanena ta haihu, jikan mahaifiyata na farko. Ran suna mata suka cika gidan maƙil bayan azahar, aka ɗauko wani saurayi da manyan lasifikoki yana ta sakin waƙoƙin Masar masu fasa kunne. Kowa ya san a da wa ke buɗe irin wannan taro, shi ya sa kowa ke kauce wa kallonta. Tana zaune a lungu da jaririn a cinya. Can sai ta yafito ni, na sunkuya, ta ce, “Ke, yalla, maza ce wa yaron nan kalas, ya isa haka. Karɓo min ƙarfen nan.”

Na je na kawo mata makirufon. Ta jujjuya shi kamar mai duba kifi a kasuwa, ta matso da shi har yana taɓa leɓenta, ta fara. Waƙar da ta saba yi wa jarirai ce, wadda na ji sau ba adadi ana yi da guɗa da tafi. Yau kuwa ta kwantar da ita, tana jan kalmomin a hankali, tana bari numfashinta ya shiga tsakani. Mata na baya suka riƙa cewa a yi shiru, har gidan ya yi tsit, ana jin fanka na juyawa. Ta ambaci kakannin yaron ɗaya bayan ɗaya, da garuruwan da suka bari a baya, tun daga ƙasar Hausa har Sudan har nan. Kalmomin da na yi shekaru ina ji ban taɓa lura da su ba, ranar na ji su. Wata tsohuwar ƙawarta ta rufe fuska da mayafi. Ni kam a fili na yi kukana, kwalli ya ɓata min fuska, aka ɗauki hotuna da ni haka.

Da ta gama babu wadda ta iya guɗa nan take. Ta miƙo min makirufon ta ce, “Ma'alish, a yafe min, na zagi ƙarfen nan da yawa.”

Muryarta ta da ba ta taɓa dawowa ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ba na kewarta ba. Akwai ranakun da nake so in ji an girgiza baranda. Amma ta koma zuwa biki, ta koma magana, har faɗa ta koma yi min, ƙasa-ƙasa, wanda ya fi na da zafi. Ta yi shekaru tana waƙa a haka kafin Allah ya karɓi abarsa. Har ta rasu ba ta iya faɗin sunan ko ɗaya daga mawaƙan nan ba, 'yan'uwanmu na ƙetaren ruwa kawai take ce musu.

Na daɗe ina zaton abin da nake roƙa mata shi ne a dawo mata da abin da ta rasa. Ashe abin da ya rage mata ya isa, ni ce dai ban iya sauraro ba. 'Ya'yana da wannan ƙaramar muryar suka san kakarsu, da ita ta raine su. In na ce musu a da ana jin ta daga ƙarshen layi, sai su kalli juna su ce Mama ta fara. Na daina gardama da su. Tasu kakar suke tunawa, kuma ita ma gaskiya ce.