Famfon Yakura Yana Nan Yana Ɗiga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aro ya karɓi kayansa. A ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, da hantsi, ƙanwata Yakura Modu ta cika a cikin mota tsakanin Gure da Damagaram, kanta bisa cinyata. An gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa hawan jini ne ya kayar da ita. Yakura ba ta taɓa yin hawan jini ba. Santsi ne ya kwashe ta a madafinta, a gindin famfon da ya shekara da shekaru yana ɗiga, ƙeyarta ta bugi bakin dakalin siminti. Ajali na Allah ne, wannan babu mai ja. Amma na ɗauki alƙalami ne don kada a haɗa ta da ƙarya a rami ɗaya.

Yakura, ke ce ƙarama, amma ke kika gaji hannun Baba. Lokacin da yake gyaran famfunan Kelle da Bune, ni da ke muke riƙe masa kayan aiki. Ni na koya don tsoron faɗansa, ke kuwa kin koya don kina so. Da ya rasu, 'yan'uwa suka raba awaki, ke kika ce a bar miki kilensa, wannan ƙarfen kwance ƙusa da ya yi baƙi don tsufa. Har dariya aka yi miki.

Matan Gure ne suka san darajar wannan gado. A gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, mace sai ta yi wata tana kallon ruwanta yana tsiyaya, tana jiran ranar da maigida zai tuna. Sai a aiko miki. Ki ƙulle kilen a bakin zane, ki yafa mayafi kamar mai zuwa barka. Na sha ganin aikinki. Ki rufe ruwan daga tushe, ki buɗe famfon ya zubar da abin da ya rage, ki kwance kan a hankali. Ki zaro robar da ta cinye, ki yanko sabuwa daga tsohon silifa daidai bakinta, ki goge farin gishirin da ya daskare da ruwan tsamiya. In kin zo mayarwa, kullum maganarki ɗaya ce: "Kada ku matse shi da ƙarfi, lallaɓa shi ake yi." Kuma ba ki tafiya sai matar gidan ta kwance ta mayar da shi da hannunta a gabanki.

Habsu maƙwabciyarki ta ba ni labari a wurin makoki, tana kuka. Tana jego famfonta ya ƙame, ya ƙi buɗuwa, ga zafin bazara, ga jariri. Kika zo kika ɗiga masa man gyaɗa, kika zauna kina yi mata hira har ya sha, sannan kika murɗa ya saki. Ba ki tafi ba sai da kika dafa mata ruwan wanka. Irin wannan labari na ji shi daga bakin mata da yawa har na daina mamaki.

Famfo ɗaya ne a garin nan ya fi ƙarfinki, shi ne na gidanki.

Mijinki Alhaji Tahiru dillalin shanu ne, mutum mai son a tashi in ya shigo. Wata ranar kasuwa abokansa suka zolaye shi, wai shi a gidansa uwargida ce ke riƙe da ƙarfe. Ya dawo yana huci, ya tarar famfon madafi ya fara ɗiga, kin ɗauko kile. Ina gidan ranar, da kunnena na ji. Ya ce, "A gidana mace ba ta riƙe kile. Kuma babu ƙaton da zai shigo mini. Ni zan gyara da kaina. In kika taɓa famfon nan, a bakin aurenki."

Ya kuwa gyara. Bai rufe ruwa ba, bai kwance komai ba. Ya kama kan famfon ya murɗa da ƙarfin da yake kayar da bijimi, har haƙoran ƙarfen suka cinye. Ɗigon da a da sai an saurara ake jinsa ya koma tsiyaya. Sai ya naɗe shi da robar tayar keke, ya wanke hannu, ya ce sauran aikin sai ya samu lokaci. Lokacin nan shi muke jira har yau. Ya samu lokacin zuwa Alakos sayen shanu, ya samu na zuwa Makka, ya samu na sake fentin ƙofar gida. Aikin da bai kai dahuwar shayi ba ne ya gagare shi.

Sau nawa na ce miki ki gyara in ya fita, wa zai sani? Ki ce shirun famfon ne zai tona ki. Ki ce 'ya'yanki Fadilu da Lailatu suna makaranta, ba za ki bar su a hannun wata saboda roba ba. Kika sa kwano a ƙarƙashi, in ya cika ki juye a randa, don ba ki iya kallon ruwa yana lalacewa a garin da wasu ke kwana da ƙishi. Amma kwano ba ya tare feshi. Simintin ya yi kore da gansakuka, ki kankare yau, jibi ya dawo. Ke da kika busar da madafan mutane, taki ƙafar ba ta taɓa taka busasshen wuri ba. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba na so ya daina.

Da muka dawo da gawarki, ruwa ya ɗauke a unguwar, kamar yadda yake yi a bazara. Aka rasa abin da za a yi miki wanka da shi. Habsu ce ta buɗe randar bayan ƙofa, ta tarar da ita cike. Ruwan ɗigon nan ne da kike tarawa. Da shi muka wanke ki, Yakura. Alhaji yana waje a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, yana faɗa wa mutane yadda ya daɗe yana yi miki faɗan cin gishiri.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, ina haɗa kayana, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa idanunsa sun yi zuru-zuru. Gidan ya yi tsit, ba a jin komai sai famfon. Ya ce, "Yaya Balkisa, ke ma ai kin iya. Don Allah ki dube shi kafin ki tafi. Ƙarar nan ta hana ni sakat, ko ina na zauna ina jin ta." Ya ce ya gwada da kansa, abin ya ƙaru. Kunyar kiran mai gyara yake ji, tunda gari duka ya san rantsuwarsa.

Kilen Baba yana ƙulle a bakin zanena, na kwance shi daga naki ranar wanka. Na dubi mijinki na ce, "Alhaji, a gidanka mace ba ta riƙe kile." Na ɗauki jakata na fito.

Allah ya jiƙanki, ƙanwata. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga Alkausara gwargwadon yadda kika shayar da gidajen mutane. Fadilu da Lailatu, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayanta, ƙofata a buɗe take gare ku. Ina miƙa ta'aziyya ga dangin Modu na Gure da Kelle, da dukan matan da suka yi kuka da gaske. Shi kuwa Alhaji Tahiru, ba na yi masa mugun fata. Allah ya ba shi tsawon rai, ya bar masa kunnuwansa da lafiya.

Balkisa Modu, Gure