Dillalin Wudil da 'Yan Ƙwallon Kulki

Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano daga Murshid Bazaar ya san Malam Labaran, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke naɗe kwalaye da salatif a shagon kargo na Hajiya Fiddausi, yana naɗewa yana hararar kwalin kamar ya zagi mahaifinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aiki a unguwar Deira ta Dubai. Kafin nan dillalin shanu ne a karar Wudil, kuma ba ƙarami ba. In Labaran ya zaga sa sau ɗaya ya ce shekararsa huɗu, ko Bafillatanin da aka haifi san a garkensa ba ya musu. Babban tinƙahonsa shi ne bai taɓa yin ƙarya a kan dabba ba, abin da a cikin dillalai ya kai a kira shi karama.

Ba yunwa ce ta kore shi daga Wudil ba, waya ce. Alhazai suka koma sayen shanu daga falonsu, a turo musu bidiyo, su ce a ɗora a mota. Sai a ci kasuwa a tashi babu wanda ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam Labaran, me ka gani?" Wannan tambaya ita ce abincinsa, da ta ɗauke kuwa ya ji kunyar zama a garin. A Dubai ɗin ma ba a tambayarsa. Kwali ba shi da tozo, sikeli kuma ba ya neman shawara.

Ana nan wani kwali ya yi wata bakwai a lungun shagon babu mai shi. Hajiya ta ce a farke a gani. Aka tarar da ƙananan katuna cike da shi, kowanne da hoton ƙato sanye da hular hana-sallah, wani riƙe da kulki, wani da safar hannu kamar faifai. Souleymane, ɗan Maraɗin da ke shigar da lambobin kaya a kwamfuta, wanda ya yi bokon Faransanci kuma ba ya yarda da abin da ba shi da lamba, shi ya yi bayani.

"Besbol ne, Malam. Wasan Amurkawa. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya maka mata kulki, sai a ruga."

"A ruga ina?"

"A zago a dawo inda aka tashi."

"To me ya sa aka tashi?"

Labaran bai ma jira amsa ba. Idonsa ya riga ya sauka a kan wuyan mutanen. Ya duba faɗin ƙirji, ya duba yadda kowa ya dasa ƙafa, ya ji wani abu da ya daɗe yana barci a jikinsa ya yi miƙa. Kafin azahar ya jera katuna arba'in a bangon bayan sikeli, daga na gaba zuwa wanda ya ce ko a kyauta ba ya karɓa. A can ƙololuwa ya manna wani baƙin ƙato mai doron nama a bayan wuya. Sunansa ya ƙi juyuwa a harshen Labaran, don haka ya raɗa masa Mai Tozo.

Da abin ya tsaya a bango, da Hajiya ta sa an ɓamɓare shi an huta. Sai wata rana Souleymane yana karatu a wayarsa ya ce ashe ƙungiyoyin nan musayar 'yan wasa suke yi, ga shi masu jar hula sun ba da samari biyu sun karɓi tsohon gwani ɗaya. Labaran ya ajiye kofin shayinsa.

"Maruƙa biyu a bijimi ɗaya? Sule, nuna min su."

Ya ƙura wa hotunan ido. Ya ce an cuci masu jar hula, bijimin nan yana ɓoye ƙafar hagu, a dubi yadda ya jingina nauyinsa a ta dama. Souleymane ya yi dariya, ya karanto masa lissafin bugun mutumin na shekara biyar. Labaran ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sati uku bayan nan gwiwar hagun gwanin ta tashi aiki.

Abin nema ya samu. Labari ya zaga Murshid, majalisar da ke zama a gaban mai shayin karak bayan la'asar ta koma kotun besbol. Nasrullahi mai takalma da Halliru mai kayan kicin, waɗanda ba su taɓa ganin an buga wasan ba ko na minti ɗaya, suka shiga yi wa juna jijiyar wuya a kan masu shuɗiyar hula. Kullum Souleymane ya karanto musayar da aka yi, a miƙa wa Labaran waya, a ce, "Malam, me ka gani?" Ya dace sau uku, ya kuskure sau huɗu, amma majalisa ba ta da al'adar tuna kuskuren wanda take so. Shi kansa bai taɓa kallon wasan ba. Da aka matsa masa, ya ce dillali ba ya bin sa gona ya ga yadda yake huɗa. Ya yi ƙiba a watannin nan, har ya daina hararar kwali.

Da sabuwar kakar wasa ta matso, majalisa ta nemi hukuncin shekara. Labaran ya gyara zama.

"Duk ƙungiyar da ta sami Mai Tozo, ita za ta ɗau kofin bana. In ba haka ba, kada a sake tambayata komai."

Souleymane ya sosa ƙeya. "Malam, pardon, katin nan na alif ɗari tara da tamanin da tara ne. Mutumin ya bar wasa tun ana goya ni."

"Waya ce ta faɗa maka?"

"Oui."

"Ita ta kore ni daga Wudil, yanzu ta biyo ni Dubai. Wuya irin wannan ba ya barin wasa, magana ta ƙare. Khalas."

Sai ga ikon Allah. Ba a yi wata ba aka ga talla a tashar jirgin metro, za a yi wasan nuni a wani fili a bayan gari, an gayyato manyan 'yan wasa, ga sunan Mai Tozo a ciki ɓaro-ɓaro. Labaran ya zaga majalisa yana tambayar kowa ina wayar take yanzu. Majalisa ta yanke cewa gani ya kori ji, ya je ya duba shi ido da ido ya kawo hukunci. Ran Asabar ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya ciro katin Mai Tozo daga bango ya sa a aljihu, Souleymane ya raka shi, suka hau metro suka sake hawa bas.

Wasan dai ya ga kaɗan, ya ce yawancin 'yan wasan tsayuwa kawai suke yi a ciyawa kamar belbela. Bayan an tashi aka jera tebura, tsofaffin gwanaye suka zauna suna sa hannu a hotuna. Souleymane ya karanta sunayen, ya tsaya a tebur na ƙarshe, wanda babu kowa a gabansa. Wani tsoho ne a zaune, rigar wasan ta yi masa yawa, sanda jingine da kujerarsa. Inda tozon yake a da, fata ce ta yi laushi ta kwanta.

Labaran ya dubi katin, ya dubi mutumin. Ya zaga shi sau ɗaya. Ya sake zagawa, abin da bai taɓa yi wa dabba ba. Tsohon ya ga katin ya washe, ya tambayi Souleymane ko wane ne wannan. Souleymane ya haɗa Faransanci da Turanci da nuni, ya ce babban masanin 'yan wasa ne daga Najeriya, kuma shi tsohon ne ya sa a gaba da kowa a jerin katunansa.

"Ce masa ya buɗe baki," in ji Labaran.

"Haba Malam, mutum ne fa."

"Ba a yanke hukunci ba a ga haƙori ba."

Da aka fassara masa, tsohon ya yi dariya har da tari. Ya sa yatsu biyu ya zaro haƙoran gaba ɗaya, na sama da na ƙasa, ashe na roba ne, ya miƙa wa Labaran. Labaran ya karɓa da hannu biyu, don ba a koya masa yadda ake ƙin abin da babba ya miƙo ba. Ya juya su, ya duba, ya mayar. Tsohon ya mai da su mazauninsu, sai dariyar ta ɗauke, ya yi wata tambaya a hankali.

"Ya ce me ka gani," in ji Souleymane. "Ya ce an daɗe ba wanda ya duba shi."

Labaran ya san abin da ya gani. A kara, irin wannan mahauta ma sai sun yi shawara. Amma ya ga yadda tsohon ya miƙe wuya yana jira, ya kuma san wannan jiran, don shi ma ya yi shi shekara da shekaru. Tausayi ya kama shi.

"Ce masa akwai sauran huɗar damina biyar a jikinsa. Ce masa duk wanda ya sake shi ya yi asara."

Tsohon ya miƙe ba tare da sandar ba, ya rungume shi.

Suna cikin bas a hanyar dawowa, har sun fara hango gine-ginen gari. Souleymane ya ce, "Malam, ai ba gaskiya ka faɗa masa ba."

"Na sani, Sule. Shekara arba'in ban yi ba, yau na yi."

"To ba komai, mu biyu kawai muka ji."

"Mu uku. Shi ya yarda."

Washegari bayan la'asar majalisa ta cika fiye da kullum, har da waɗanda suka ƙetaro daga Bur Dubai a kwalekwalen abra. Aka ajiye masa shayi. Nasrullahi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yalla, Malam Labaran, me ka gani?"

Labaran ya daɗe yana jin ɗumin hannun a kafaɗarsa, don ya san ba za a sake ba. Sannan ya ce, "Na ga tsoho, na kuma yi masa ƙarya. Dillalin da ya yi sau ɗaya zai sake. Daga yau ku tambayi wayar Sule."

Ya shanye shayinsa, ya ce akwai kwali goma sha biyu na Kano da ke jiransa.