Uwar Tara da Ajin Amare

Sunanta na yanka ya ɓace tun haihuwarta ta tara, kowa a coci Uwar Tara yake ce mata. Duk ranar da fasto ya taɓo zancen 'ya'ya a wa'azi sai ya nuna ta da yatsa, a juyo ana tafi. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa take zama daf da ƙofa. Tun haihuwar auta fitsari ba ya riƙe mata sosai.

Ita ke koyar da amare ranar Asabar, a ɗakin bayan coci inda ake jibge karyayyun kujeru. Da an zo kan maganin hana ɗaukar ciki, amsarta ɗaya ce: mace guda za ta huta, amma in kowace ta rufe ƙofa gidaje za su yi tsit, 'yan mata su daina tsoron komai, daga nan sai zubar da ciki. Ba baki kawai ba ne, har zuciyarta ta yarda da haka.

Sai ga 'yarta ta biyar a gadon asibiti, an yi mata aikin haihuwa karo na uku, ana ƙara mata jini. Likita ta ce wani cikin zai iya tafiya da ita, gara a ɗaure mahaifar. Mijin, direban bas, mutum ne da ko atishawa sai ya nemi izinin dattawan coci. Ya tare surukarsa a baranda.

"Mama, ke kika koyar da mu. In kin ce ba zunubi ba ne, na yarda. In zunubi ne, mu bar wa Allah."

Tsoro ya kama ta. Ta tuna amaren da ta sallama da amsar nan, har da ɗaya da aka binne bara da cikinta na shida. Ta leƙa ta taga, ta ga leɓen 'yarta ya yi fari fat.

"Je ka ce a yi," in ji ta. "Amma ko matar fasto kada ta ji."

Ranar Asabar matar faston ce ma ta zo ta zauna a baya, tana fifita. Wata siririyar amarya ta ɗaga hannu a kunyace.

"Mama, an ce zuciyata ba ta da ƙarfi. In na sha maganin hana ɗaukar cikin, laifi ne?"

Uwar Tara ta dubi bayan ɗakin. In ta sauya amsa yau, gobe za a tambayi dalili, dalilin kuwa yana kwance a asibiti da ɗinki a ciki. Ta ji muryarta tana zuba tsohuwar amsar, tiryan-tiryan, ba ta tsallake ko kalma ba.

Yarinyar ta rusuna.

"Na gode, Mama. Dama ke nake jira in ji daga bakinki."