Dutse na Uku a Murhun Keziah

Ranar da mota ta sauke mutanen ƙauyensu a Zuru, kowa da abin da ya tsira da shi: wannan buhun dawa, wancan katifa, wata kuma akuya a ɗaure. Ita kuwa Keziah, wadda ake kira Maman Gladys, duwatsu biyu aka sauko mata da su, baƙaƙe ƙirin da hayaƙi. Tun daga Bena direban yake mita, wai garin da tsaunuka suka kewaye, wace irin tsohuwa ce za ta yi masa dakon dutse? Da ma Keziah ba mai magana ba ce. In ta ce maka "to", hira ta ƙare ke nan.

Duwatsun murhu ne, kuma asalinsu uku ne. Mijinta Haggai ya yi wa mahaifinta golmo, wato noman da saurayin Dakarkari ke yi wa suruki shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Da ya gama, sai ya hau tsaunin bayan ƙauye ya sauko da duwatsun a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, ya girka mata su da hannunsa. A kansu ta tuƙa tuwon da ya raya gidan, a kansu ta soya ƙosan da take kaiwa kasuwar Bena. A kansu kuma aka dafa ruwan wankan jegonta, har na 'ya'yan da ba su zauna ba.

Na ukun fa? Allah sarki. Ranar da 'yan bindiga suka shigo, a gona suka sami Haggai. Da ƙura ta lafa, tsofaffi biyu suka taya ta haƙa rami a gaggauce a bayan gida, kunne na sauraron ƙarar babura. Ba fasto, ba akwati, ba gicciye. Sai ta ruga madafa ta ciro dutse ɗaya, da ɗuminsa, ta dasa a wajen kansa don kada wurin ya ɓace. Tsofaffin nan ɗaya ya rasu a hanya, ɗayan ba wanda ya san inda ya nufa. Duk duniya ita da dutsen nan kaɗai suka san inda Haggai yake kwance.

'Yarta Gladys, mai ɗinki a Zuru, ta kama mata ɗaki a gidan Malam Talle, ɗan kasuwar hatsi. Suka kwance kaya. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera tukwane da ƙore, aka buga ƙusa aka rataye hoton Haggai. Komai ya sami mazauni, ban da murhu. Gladys ta sayo kurfoti, Keziah ta mai da shi wurin ajiye ashana. Asama'u, matar Talle, ta ɗauko mata wani dutse mai kyau daga bayan katanga. Keziah ta yi godiya har da durƙusawa, da safe kuma aka ga dutsen ya koma inda aka ɗauko shi.

"Haba Maman Gladys, tukunya tana zama a kan dutse biyu?" in ji Asama'u.

"Na ukun yana gida," Keziah ta ce, "yana jirana."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Ko Gladys ba ta gaya wa inda dutsen yake ba. A ranta dai ta ƙudurta, in ƙasa ta zauna lafiya za ta ɗauki Gladys da fasto da buhun siminti, su je su yi wa kabarin gyara irin na mutane.

Haka ta yi ta girki tana tokare tukunya da guntun itace. Abin da ke tayar mata da tsikar jiki shi ne, ko ta wace fuska ta juya duwatsun, tukunyar gabas take karkata, wajen ƙauyensu. In rana ta yi ja kuwa, lokacin da manoma ke dawowa, sai ta ji kamar an jingine garma a bakin ƙofa, an yi ɗan tarin nan na Haggai da ta sani. Ta kan waiga, sai ta ga kajin Asama'u ne kawai. Tsoro take ji, amma ranar da ba ta ji tarin ba ta fi shiga damuwa.

Damina ta wuce, kaka ta shigo. Talle ya bi 'yan sa-kai zuwa wajen Bena sayen dawa, tafiyar da mutum ke yi da ransa a hannu. Mutumin kirki ne, kuma yau da gobe yana ganin miyar tsohuwar nan tana tuntsurewa a toka. Ran nan da la'asar sai ga shi ya shigo da babur, an ɗaure wani abu da roba a baya, shi kuwa baki har kunne.

"Mama, albishirinki! Taho ki ga abin da na ishe."

Tun kafin ya kwance robar ta gane dutsenta na uku ne. Ga baƙin hayaƙin, ga ɓallin da taɓarya ta yi masa a gefe. Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Malam Talle, a ina ka ɗauko shi?"

"Ƙauyenku mana. Na ce wa 'yan sa-kai su tsaya, ba ni wucewa ban nemo miki ba. Tuntuɓe na yi da shi cikin ciyawa, na ga baƙi, na ce wannan shi ne."

"In an koma, za ka gane wurin?"

Talle ya yi dariya. "Wane wuri, Mama? Ruwa ya kwantar da ɗakunan duka, ba ka sanin gidan wane da na wane. Gamba ta fi ni tsawo. Ni kaina da ƙyar na gano hanyar babur."

Wayyo, rashin sani ya fi dare duhu! Keziah ta dube shi. Ƙaya ta yayyage masa wando, leɓɓansa sun bushe, ya kai ransa inda ake kashe mutane saboda murhun tsohuwar da ba danginsa ba. Me za ta ce masa?

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce.

Ta mirgina dutsen da kanta ta kai shi gurbinsa. Ta ɗora tukunya, tukunya ta zauna daram, ba ta karkata ko'ina ba. Asama'u ta rangaɗa guɗa, wai yau Maman Gladys ta tare. Keziah ta tuƙa tuwon dawa, ta kwashe malmalar farko ta aika wa Talle. Rana ta yi ja, ta kasa kunne wajen ƙofa. Ba garma, ba tari.

Har yau tana nan a gidan. Kowace safiya, kafin ta hura wuta, ta kan share kewayen murhun tas, ta yayyafa ruwa, ta durƙusa ta yi addu'a da yarensu, hannunta a kan dutse na uku. Asama'u na yi mata tsiya, wai ba ta taɓa ganin mai tsabtar murhu irinta ba. Keziah ta kan ce "to", ta sa itace.