Kwalin da Ya Zauna a Gaban Mota

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa, ni ƙaramin malamin firamare ne a Ruwan Godiya, kuma duk wanda ya ci karo da Turanci a jikin kaya wurina yake kawowa. Yayana kuwa ya jingine fartanya ya tafi Kaduna, ya faɗa harkar kwangila. Cikin shekara uku ya yi ƙiba, ya je Makka, gari ya koma kiransa Alhaji.

Wata ranar kasuwar Yankara ya sauka da babban kwali cike da tangaran da kofunan gilashi, kayan sabon gidan da ya gina a garinmu. A jikin kwalin an rubuta kalma ɗaya da jan fenti, firajil. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, ita ma tana kasuwar, ta sayar da daddawarta tana jira mu koma tare.

Alhaji ya ɗauki shatar akori-kura. Ya nuna mini rubutun ya ce, "Kai malamin boko, me wannan ke nufi?"

Na gyara murya, don mutane sun taru. Na ce, "Abin da ke saurin fashewa ke nan, Yaya. Ba ya son girgiza, ba a ɗora masa komai." Mutane suka yi ta yaba Turancina.

Gaban motar mutum biyu yake ɗauka ban da direba. Alhaji ya shiga, ya sa aka ajiye kwalin kusa da shi. Direba ya leƙo ya ce, "Alhaji, tsohuwa fa? Hanyar nan damina ta cinye ta."

Inna ta riga kowa magana. "Ku tahi haka, ɗana. Kayan Turawa ba su jure wahala, ni kuwa na saba."

Ni na kama hannunta na ɗora ta a baya, bisa buhun masara. Na san ya kamata in yi magana. Amma daɗin yabon da aka yi wa Turancina bai sake ni ba, ga shi kuma Alhaji ya yi mini alkawarin babur.

Ba mu yi nisa ba motar ta afka wani rami da ruwa ya haƙa. Inna ta yi sama ta dawo kan ƙarfen gefe. Ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi ta riƙe ƙugu. Da muka isa gida, kwalin Alhaji ya fara buɗewa. Ko kofi ɗaya bai tsage ba. Ya yi hamdala, sannan ya zagayo baya.

Mai ɗori ya yi nasa har sati biyu, abin ya ƙi. Muka kai ta asibiti a Funtuwa. Likitan, wani Ba'indiye, ya ɗaga hoton ƙashin yana yi mini bayani da Turanci, sai na sake jin kalmar nan ta jikin kwali a bakinsa. Ƙashin tsofaffi haka yake, in ji shi, sai an lallaɓa, kuma wannan da wuya ya haɗu.

Inna ta ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce za ki warke, Inna."

Kalmar kuwa ta shiga gari. Duk wanda ya dawo daga birni da hannu mai laushi, samari su ce firajil ne. Haka jariri bakwaini, haka auren da ke tangal-tangal. Su yi dariya su ce ai Malam ne ya koya musu.

Inna ba ta ƙara zuwa kasuwa ba. Shekara huɗu ta yi tana jan jiki daga ɗaki zuwa gindin rumbu, matata ke ɗaga ta. Alhaji kan aiko da atamfa da madarar gwangwani, amma in ya zo ba ya wuce gaisuwa daga bakin ƙofa. Babur ɗin ya saya mini, na kuma hau, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Ranar da ta rasu yana Legas. Sai bayan sadakar uku ya iso, ya tarar da ni ni kaɗai a zaure. Muka yi wa juna ta'aziyya, kowa na kallon tabarma.